Mumbari da Titi: Yadda Malaman Addini Suka Rabu Kan Zanga-zangar Yaƙi da Wariyar Launin Fata a Amurka

Tsakanin shekarar 1954, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke raba makarantun gwamnati bisa launin fata, da shekarar 1968 da aka kashe Martin Luther King, babu wani rukunin shugabanni da gwagwarmayar baƙar fatar Amurka ta gwada kamar malaman addini. Su ne suka jagoranci zanga-zangar, su ne kuma suka soke ta daga kan mumbari. Wasu sun mutu a kanta, wasu sun rasa aikinsu, mafi yawansu kuwa sun kama bakinsu. Labarin da aka saba ji yana nuna cewa coci ta tsaya bayan King. Abin da tarihi ya adana ya fi haka sarƙaƙiya, kuma a cikin sarƙaƙiyar ne ake ganin yadda malami ke yi idan koyarwar littafinsa da son ran mabiyansa suka kama hanyoyi daban.

Tsagar da aka gada

Wariya ta riga dokokin da ake kira Jim Crow shiga coci. Tun a shekarar 1816 Richard Allen ya kafa ɗarikar Methodist ta baƙar fata a Philadelphia, saboda wulaƙancin da suke sha a cocin Turawa. A 1844 'yan Methodist suka tsage gida biyu, Arewa da Kudu, kan batun bauta. A 1845 'yan Baftis suka bi sahu, aka kafa Babban Taron Baftis na Kudu, wanda daga baya ya zama ɗarikar Furotesta mafi girma a ƙasar. Ko da 'yan Methodist suka sake haɗewa a 1939, sai da suka ware wa baƙar fata wani sashe na mulki nasu daban, wanda bai gushe ba sai a 1968. Shi ya sa King ya sha faɗin cewa ƙarfe 11 na safiyar Lahadi ita ce sa'ar da Amurka ta fi rabuwa.

Wannan rabuwa ta haifar da wani abu da masu wariya ba su hango ba. Cocin baƙar fata ta zama wuri ɗaya tilo a Kudu da Bature ba shi da iko a kansa. Malamin makaranta baƙar fata gwamnatin jiha ke biyansa, tana iya korarsa. Manomi ɗan haya mai gona na iya tashinsa. Amma fasto jama'arsa ke ciyar da shi. Saboda haka da Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a Montgomery a Disamban 1955, coci aka nufa don yin taro, kuma matashin fasto ɗan shekara 26 aka ɗora a gaba. Ƙaurace wa motocin haya ya ɗauki kwana 381. A 1957 aka kafa ƙungiyar SCLC, wadda kusan dukkan jagororinta fastoci ne: King, Ralph Abernathy, Fred Shuttlesworth, Joseph Lowery da sauransu.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa duk fastocin baƙar fata sun fito. A kowane gari tsiraru ne suka buɗe ƙofar cocinsu ga taron zanga-zanga, domin kowa ya san abin da ke biyo baya. An harbe Rabaran George Lee a Belzoni ta jihar Mississippi a 1955 saboda yi wa mutane rajistar zaɓe. An tayar da bam a gidan Shuttlesworth daren Kirsimetin 1956, aka kuma yi masa dukan kawo wuƙa a 1957 da ya kai 'ya'yansa makarantar Turawa. Akwai kuma waɗanda ba tsoro ya hana su ba, ra'ayi ne. Babba a cikinsu shi ne Joseph H. Jackson na Chicago, wanda ya shugabanci Babban Taron Baftis na Ƙasa, ɗarikar baƙar fata mafi yawan mabiya, daga 1953 zuwa 1982. Jackson ya yarda da zuwa kotu da jefa ƙuri'a da gina tattalin arziki, amma ya ƙi karya doka da gangan ko da dokar ta zalunci ce. Yunƙurin da su King suka yi na maye gurbinsa da Gardner Taylor ya kai ga hargitsi a taron Kansas City na 1961, inda wani fasto ya faɗo daga dandamali ya rasu. A ƙarshen shekarar ɓangaren da ya sha kaye ya ɓalle ya kafa tasa ɗarikar.

Masu kare wariya da nassi

A ɗaya gefen akwai malaman da suka ce wariya umarnin Allah ce. Hujjojinsu ba su da yawa, amma sun yaɗu. Sukan kawo labarin Nuhu da la'anar da ta faɗa kan Kan'ana ɗan Ham a littafin Farawa, su ce baƙar fata zuriyarsa ce, duk da cewa nassin bai ambaci launin fata ba. Sukan kawo warwatsa mutane a hasumiyar Babila, da hanin da aka yi wa Isra'ilawa na auren wasu al'ummai. Abin mamaki, aya guda a Ayyukan Manzanni sura 17 ta zama makamin kowane ɓangare: masu neman haɗin kai suna karanta rabinta na farko da ke cewa daga tushe ɗaya aka halicci dukkan al'ummai, masu wariya suna karanta rabi na biyu da ke maganar iyakokin mazauninsu.

A Nuwamban 1954 G. T. Gillespie, tsohon shugaban kwalejin Belhaven kuma malamin Presbyterian, ya gabatar da jawabin kare wariya ga majalisar cocinsa a Mississippi, ƙungiyoyin Turawa masu adawa da hukuncin kotu suka buga shi suka raba. A 1956 W. A. Criswell, faston babbar cocin Baftis ta Dallas, ya caccaki masu neman haɗa makarantu a gaban majalisar dokokin jihar South Carolina. Ranar Ista ta 1960 Bob Jones, wanda ya kafa jami'a mai sunansa, ya yi wa'azi a rediyo yana cewa mai adawa da wariya da Allah yake ja.

Amma ba wannan ra'ayi ne ya fi rinjaye a tsakanin malamai masu ilimi ba. Manyan tarukan ɗarikoki, har da na Baftis na Kudu a 1954, sun amince da hukuncin Kotun Ƙoli a rubuce. Matsalar ita ce takardar da aka amince da ita a babban taro ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa cocin ƙauye. A tsarin Baftis, jama'ar kowace coci ke ɗaukar fasto, su ke sallamarsa da ƙuri'a. Dattawan da ke riƙe da asusun coci kuwa sau da yawa su ne 'yan kasuwa da 'yan siyasar da ke riƙe da garin. Binciken da Ernest Campbell da Thomas Pettigrew suka yi kan fastocin Little Rock bayan rikicin makarantar 1957 ya nuna cewa da yawa daga cikinsu suna goyon bayan haɗa makarantu a zuci, amma gwargwadon girman cocin fasto da farin jininsa, gwargwadon shirunsa. Ga masu neman mafaka kuma akwai tsohuwar koyarwa da ke cewa aikin coci ceton rai ne, siyasa ta 'yan siyasa ce. Jerry Falwell ya yi wa'azi a kan haka a Maris 1965, yana cewa an kira malami ya yi wa'azi, ba ya hau titi ba. Shekara 14 bayan nan shi da kansa ya kafa ƙungiyar Moral Majority, ya tsunduma cikin siyasa tsundum.

Birmingham, 1963: wasiƙa da amsarta

Babu inda wannan muhawara ta fito fili kamar Birmingham ta jihar Alabama, garin da yawan tashin bam a unguwannin baƙar fata ya sa aka yi masa laƙabi da shi. Ranar 3 ga Afrilu 1963 SCLC da ƙungiyar Shuttlesworth suka fara zaman dirshan da ƙaurace wa shaguna. Lokacin yana da muhimmanci: kwana ɗaya kafin nan masu zaɓe suka kayar da Bull Connor, kwamishinan 'yan sanda mai tsananin wariya, suka zaɓi Albert Boutwell magajin gari. Mutane da yawa, har da wasu manyan baƙar fata na garin, suna ganin ya kamata a ba sabuwar gwamnati dama. Ranar 10 ga wata kotun jiha ta haramta zanga-zangar. Ranar 12, wadda ta dace da Jumu'ar tunawa da gicciye Almasihu, King da Abernathy suka fito duk da haka, aka kama su.

A wannan ranar ce malamai takwas farar fata suka sa hannu kan wata gajeriyar sanarwa da jaridun garin suka buga. Su ne bishop biyu na Episcopal, C. C. J. Carpenter da George Murray; bishop biyu na Methodist, Paul Hardin da Nolan Harmon; Joseph Durick na Katolika; Edward Ramage na Presbyterian; Earl Stallings na Baftis; da limamin Yahudawa Milton Grafman. Sun ce zanga-zangar ba ta dace da hikima ba kuma ba lokacinta ba ne, sun ce baƙi daga waje na cikin masu jagorantarta, sun roƙi baƙar fatar garin su janye goyon baya su nemi haƙƙinsu a kotu da teburin sulhu, suka kuma yaba wa 'yan sanda kan natsuwarsu.

A nan ya kamata a yi wa mutanen nan adalci, domin tarihi ya tsananta musu. Ba 'yan Ku Klux Klan ba ne. Watanni uku kafin nan, bayan Gwamna George Wallace ya yi rantsuwar kama aiki yana alwashin dawwamar da wariya, waɗannan malamai na cikin waɗanda suka fitar da sanarwa suna kira a bi hukuncin kotu a guji tashin hankali, kuma sun sha barazana a kai. A ma'aunin Alabama na 1963 masu sassauci ne. Kuma sassaucin nasu ne ya sa King ya ga sun cancanci amsa.

Ya fara rubutu a gefen jaridar da aka shigo masa da ita kurkuku, ya ci gaba a kan guntayen takarda, lauyoyinsa suna fitar da su, Wyatt Tee Walker da sakatariyarsa Willie Pearl Mackey suna haɗawa suna bugawa. Wasiƙar mai ɗauke da kwanan watan 16 ga Afrilu ta bi tuhumomin ɗaya bayan ɗaya. Kan batun baƙunta, ya ce gayyatarsa aka yi, kuma annabawa da manzo Bulus ma barin garuruwansu suka yi. Zaluncin da ke wani gari barazana ne ga kowane gari. Kan batun lokaci, ya ce bai taɓa ganin zanga-zangar da wanda wariya ba ta taɓa shi ya ce lokacinta ya yi ba, kuma kalmar "a jira" a kunnen baƙar fata kusan kullum tana nufin ba za a yi ba. Kan karya doka, ya koma ga Augustine da Thomas Aquinas don bambanta dokar adalci da ta zalunci, ya ce wanda ya karya dokar zalunci a fili, ba da tashin hankali ba, yana shirye ya karɓi hukuncinta, shi ne ya fi girmama doka. Sannan ya zo ga maganar da ta fi zafi: cewa ya kusa yanke hukuncin cewa babban abin da ke tare wa baƙar fata hanya shi ne Bature mai sassauci da ya fi son kwanciyar hankali a kan adalci, fiye da ɗan Klan.

Wasiƙar ba ta yi tasiri nan take ba. Ba ita ta karya Birmingham ba. Abin da ya karya ta shi ne fitowar dubban 'yan makaranta daga 2 ga Mayu, da hotunan karnukan 'yan sanda da mesar ruwan kashe gobara da Connor ya sakar musu, waɗanda suka zagaye duniya. Sun isa Addis Ababa a daidai lokacin da shugabannin Afirka ke kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, taron kuma ya bayyana damuwarsa kan halin da 'yan asalin Afirka ke ciki a Amurka. An cim ma yarjejeniya da 'yan kasuwar garin ranar 10 ga Mayu. Sai daga baya mujallu suka buga wasiƙar, ta zama ɗaya daga cikin rubuce-rubucen da aka fi karantawa a makarantun Amurka, malaman takwas kuma suka zama misalin abin da bai kamata malami ya zama ba.

Makomarsu ta bambanta. Stallings, wanda King ya ambace shi da suna ya yaba masa, ya karɓi baƙar fata a cocinsa ranar Ista, kwana biyu bayan sanarwar. Wasu mabiyansa suka fice, matsin lamba ya yi yawa, ya bar garin a 1965. Ramage bai ma kai haka ba, masu wariya a cocinsa suka sa ya koma Texas. Durick ya canja sosai: ya koma Tennessee, ya shiga jerin gwanon Memphis bayan kashe King a 1968. Carpenter kuwa bai sauya ra'ayi ba, ya soki tattakin Selma shekara biyu bayan haka. Ranar 15 ga Satumba 1963 bam ya tashi a cocin Baftis ta titi na 16 a Birmingham, ya kashe 'yan mata huɗu da suke shirin ibadar Lahadi.

Waɗanda suka biya farashi

Akwai farar fata 'yan Kudu da suka tsaya, kuma kusan kowannensu ya ɗanɗana kuɗarsa. Robert Graetz, faston Lutheran mai jagorantar cocin baƙar fata a Montgomery, ya shiga ƙaurace wa motoci, aka jefa bam gidansa a 1956 da 1957. Paul Turner, faston Baftis a Clinton ta Tennessee, ya raka ɗalibai baƙar fata makaranta a Disamban 1956, 'yan daba suka lakaɗa masa duka a kan hanyarsa ta komawa. A Janairun 1963 fastocin Methodist 28 a Mississippi suka sa hannu kan wata sanarwa mai laushin harshe da ke cewa Almasihu bai yarda da nuna bambancin launi ba kuma kada a rufe makarantun gwamnati. Cikin 'yan shekaru mafi yawansu sun bar jihar.

Wani salon zanga-zanga da ya fi kunyata coci shi ne wanda ɗalibai suka fara a Atlanta a 1960: su yi shigar Lahadi, su je ƙofar cocin Turawa su nemi shiga ibada, in an hana su su durƙusa a kan matakala su yi addu'a. A Jackson a Yunin 1963, W. B. Selah, wanda ya daɗe yana jagorantar babbar cocin Methodist ta Galloway, ya ajiye aikinsa da ya ji masu tsaron ƙofa sun mayar da baƙar fata.

A nan ne Afirka ta Yamma ta shigo labarin kai tsaye. Cocin Baftis ta Kudu ta daɗe tana aika mishan Najeriya da Ghana, kuma 'yan mishan ɗin sun sha rubuto wa gida cewa labarin wariya yana rushe aikinsu. Sam Oni, matashi daga Ghana da ya karɓi Kiristanci ta hannunsu, ya shiga Jami'ar Mercer a Georgia a 1963, yana cikin baƙar fata na farko da ta ɗauka. A Satumban 1966 ya je ibada a cocin Tattnall Square da ke harabar jami'ar, aka tare shi a ƙofa aka fitar da shi, kuma a ranar jama'ar cocin suka kaɗa ƙuri'ar sallamar fastonsu Thomas Holmes saboda yana son a buɗe ƙofa. A Richmond kuwa, a farkon 1965, ɗalibai biyu 'yan Najeriya, 'ya'yan fastocin Baftis, suka nemi zama membobin babbar cocin Baftis ta garin. Sai da aka yi zazzafar muhawara da ƙuri'a kafin a karɓe su. Mutanen da ke tara kuɗi don kai bishara Afirka sun rasa yadda za su yi da ɗan Afirkan da bisharar ta kawo ƙofarsu.

Katolika, Yahudawa da Billy Graham

Tsarin Katolika ya ba bishop ikon da faston Baftis ba shi da shi, domin ba jama'a ke naɗa shi ba. Akbishop Joseph Ritter ya haɗa makarantun Katolika na St. Louis tun 1947, ya yi barazanar korar iyayen da suka so kai shi kotu daga coci. Akbishop Joseph Rummel na New Orleans ya aiwatar da irin wannan barazana a Afrilun 1962, ya kori mutum uku, ciki har da ƙasurgumin ɗan siyasa Leander Perez. Amma wannan iko yana yanka ta kowane gefe: Akbishop Thomas Toolen na Alabama ya soki fada-fada da sistocin da suka zo Selma, ya kuma ɗauke Fada Maurice Ouellet daga garin saboda buɗe wa masu gwagwarmaya ƙofa.

Yahudawan Kudu tsiraru ne masu fargabar abin da zai same su, kuma fargabar tana da dalili. An tayar da bam a wurin ibadarsu na Atlanta a Oktoban 1958, inda Jacob Rothschild ke wa'azin adawa da wariya, haka kuma a Jackson a 1967 aka kai hari wurin ibada da gidan Perry Nussbaum. Limamansu na Arewa sun fi sakin jiki: an kama 16 daga cikinsu a St. Augustine ta Florida a Yunin 1964.

Billy Graham, mai wa'azin da ya fi kowa suna a ƙasar, ya tsaya a tsakiya. Ya cire igiyar da ke raba jama'a a taronsa na Chattanooga a 1953, ya gayyaci King ya yi addu'a a taronsa na New York a 1957, ya yi wa'azi ga taron da ya haɗa launuka a Birmingham ranar Ista ta 1964. Amma bai taɓa shiga tattaki ba, kuma lokacin da King ke kurkukun Birmingham shawarar da ya ba shi a jarida ita ce ya ɗan taka birki. A ganinsa sai zuciya ta tuba kafin al'umma ta gyaru. A ganin King, doka ba za ta sa mutum ya ƙaunace ka ba, amma za ta hana shi kashe ka.

Daga Washington zuwa Selma

Shekarar 1963 ce ta juya akalar manyan cocin Arewa. A Janairu aka yi babban taro kan addini da launin fata a Chicago, wanda ya haɗa Furotesta da Katolika da Yahudawa, inda King ya haɗu da malamin Yahudawa Abraham Joshua Heschel. A Yuni Majalisar Coci-coci ta Ƙasa ta kafa hukuma ta musamman kan batun. Ranar 4 ga Yuli aka kama Eugene Carson Blake, babban jami'in cocin Presbyterian, a wani wurin shaƙatawa na Turawa zalla kusa da Baltimore. A gangamin Washington na 28 ga Agusta, wanda ya tara mutum kusan 250,000, Blake ya amsa a bainar jama'a cewa coci ta zo a makare. Joachim Prinz, wanda ya yi limanci a Berlin a zamanin Hitler, ya ce abin da ya koya a can shi ne shiru ya fi ƙiyayya muni. Ko a ranar ma sassauci ya nuna kansa: Akbishop Patrick O'Boyle ya ce ba zai yi addu'ar buɗe taro ba sai an rage zafin jawabin matashi John Lewis, aka kuwa rage.

Inda malaman Arewa suka fi amfani shi ne majalisar dattawa. Don karya jan ƙafar sanatocin Kudu kan dokar 'yancin jama'a ana buƙatar ƙuri'un 'yan jam'iyyar Republican na jihohin tsakiyar ƙasar, inda baƙar fata ba su da yawa amma coci na da ƙarfi. Fastoci suka yi ta kai tawaga da tura wasiƙu, ɗaliban tauhidi na addinai uku suka yi tsayuwar dare da rana a gaban ginin tunawa da Lincoln. Ranar 10 ga Yuni 1964 aka rufe muhawara da ƙuri'a 71 da 29, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu ranar 2 ga Yuli. Jagoran sanatocin Kudu, Richard Russell, ya ɗora wa malaman addini kaso mai yawa na laifin kayen da suka sha.

Bayan dukan da aka yi wa masu tattaki a gadar Edmund Pettus ranar 7 ga Maris 1965, King ya aika saƙo ga malaman ƙasar su zo Selma, ɗaruruwa suka amsa cikin kwana biyu. Hotunan sistoci cikin shigarsu, da Akbishop Iakovos na cocin Orthodox ta Girka a gefen King, da Heschel mai farin gemu a sahun gaba, sun shiga gidajen da ba su taɓa sauraron fasto baƙar fata ba. Daren 9 ga Maris wasu Turawa suka doki James Reeb, malamin Unitarian daga Boston, da kulki a ka. Ya rasu ranar 11. Shugaban ƙasa ya kira iyalinsa, ya ambace shi a jawabinsa ga majalisa ranar 15 ga wata. Matasan gwagwarmayar ba su kasa lura ba cewa Jimmie Lee Jackson, baƙar fata kuma dikon a cocinsa, wanda harbinsa a watan Fabrairu ne ya haifar da tattakin, bai sami irin wannan kulawa ba. An sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta. Mako biyu bayan haka, a Hayneville, aka harbe Jonathan Daniels, ɗalibin tauhidi na Episcopal, yayin da ya ture wata yarinya baƙar fata, Ruby Sales, daga bakin bindiga. Aka kuma ji wa Fada Richard Morrisroe mummunan rauni. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu Turawa, sun wanke wanda ya yi harbin, kamar yadda aka wanke waɗanda aka tuhuma da kisan Reeb.

Muryar da ta ƙi duka biyun

Ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad, wadda aƙidarta ta saɓa wa Musuluncin da sauran duniya ta sani a manyan batutuwa, ta soki masu wariya da masu neman haɗewa gaba ɗaya. Ta hana mabiyanta shiga zanga-zanga, tana kiran a rabu da Turawa baki ɗaya. Kakakinta Malcolm X, wanda shi ma ɗan mai wa'azin Baftis ne, ya yi wa gangamin Washington ba'a, ya kuma zargi fastoci da koya wa mutane miƙa wuya ga mai dukansu. Bayan ya bar ƙungiyar a Maris 1964, ya yi aikin Hajji, ya ziyarci Najeriya da Ghana, ya fara neman hanyar aiki tare da 'yan gwagwarmayar Kudu. Ranar 4 ga Fabrairu 1965 ya yi jawabi a cocin Brown Chapel ta Selma lokacin da King ke tsare. Kwana 17 bayan nan aka kashe shi a New York.

Neman afuwa

Janyewar masu kare wariya ta zo a hankali. Criswell ya sanar da buɗe ƙofar cocinsa ga kowa a 1968, shekarar da aka zaɓe shi shugaban Baftis na Kudu. Iyaye da yawa kuwa sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantu masu zaman kansu, wasunsu a ƙarƙashin coci, don guje wa haɗa ɗalibai. Jami'ar Bob Jones ta rasa rangwamen haraji a hukuncin Kotun Ƙoli na 1983 saboda dokokinta na launin fata, kuma ba ta soke haramcin soyayya tsakanin launuka ba sai a shekarar 2000. Babban Taron Baftis na Kudu ya nemi afuwar baƙar fata a hukumance a 1995, shekara 150 bayan kafuwarsa kan kare masu bayi, sannan a 2012 ya zaɓi Fred Luter na New Orleans, baƙar fata na farko da ya shugabance shi.